Harshen da Ya Rage wa Titus

"Ba inda za a kai shi," in ji Madam Eulalie, ta dire kwandon soyayyen kifi a kan teburin likitan asibiti kamar a rumfarta ta kasuwar garin Marigot take.

Likitan, saurayi ne sabon zuwa daga Faransa, ya sake bayani a hankali. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama mijinta Titus, an yi masa Faransanci bai amsa ba, an yi masa Turanci ko gezau. Sai wani surutu yake. Hankalin ya tafi. Gobe jirgi zai kai shi gidan jinya a can tsibirin Gwadalup.

Gwadalup kuwa, wanda aka kai a wannan hali, sai dai akwatinsa ya dawo. Kowa a nan tsibirinsu ya san haka.

"Mama, ki bar mutane su yi aikinsu," in ji 'yarta Marvelle, malamar makaranta. "Ni ma na yi ta yi masa magana. Bai san ni ba."

Eulalie ta san surutun nan sarai. Yaren Kiriyol ne na tsibirin Dominika, na ƙauyen da suka baro cikin kwalekwale suna sabon aure. Ita da bakinta ta haramta shi a gidanta, don kada a kira 'yarta 'yar ci-rani. A gida Turanci, a makaranta Faransanci. Kuma ai kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga Marvelle nan da takalmi mai tsini. Ko yau ba ta yi nadama ba.

Ta ɗauki kwandonta, ta wuce su ta shiga ɗakin da Titus yake kwance, ta ja kujera. Kunya? Wadda ta shekara arba'in tana ciniki da 'yan yawon buɗe ido ba ta san ta ba.

"Kai, malalacin banza," ta ce da Kiriyol, da ƙarfi yadda har na baranda za su ji. "Kwanciya ka samu, ka bar ni da wankin kifi?"

Idon Titus ya juyo. Rabin bakinsa ya motsa.

"Lali," ya ce. "Ashe kin tuna hanyar gida. Wa ya soya kifin nan? Ƙauri yake."

"Ubanka ne ya soya. Ɗaga hannu likita ya gani."

Ya ɗaga na hagun da ƙyar. Likita ya zaro biro ya soke abin da ya rubuta, ya ce a bar maganar jirgi tukuna.

Titus ya dubi Marvelle da ke tsaye bakin ƙofa, ya yi mata wata doguwar magana mai taushi. Ta yi murmushi irin na baƙo a gidan biki, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Nan ne abin ya soki Eulalie a ƙirji.

Marvelle ta matso, ta durƙusa gefen kujerar uwarta.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "yaya ake cewa 'Baba, ni ce'?"