Jarabawar Lisandro ta Ƙarshe

A birnin Rosario, ranar da ɗalibi ya ci jarabawarsa ta ƙarshe, 'yan uwa da abokai kan tare shi a ƙofar tsangaya su yi masa wanka da ɗanyen ƙwai da fulawa. Ni dai ɓarna nake ganin abin, amma ba wanda ya tambaye ni.

Lisandro, ɗan ajinmu a fannin haɗa magunguna da muke kira Dogo, jarabawar baka guda ta rage masa. Sau biyu ana kiran sunansa yana sulalewa ta ƙofar baya saboda tsoro. A karo na biyu mahaifiyarsa ta taso tun daga ƙauye da kiret ɗin ƙwai a cinya, haka ta koma da shi. Wannan ya fi faɗuwar cin ransa.

A zaman Laraba ya faɗa mana. Mu ɗalibai shida ne, muna zama ƙarƙashin bishiya, ƙoƙon shayin mate na zagayawa, kowa ya amayar da abin da ke damunsa. Ba ma ba da shawara sai an nema. Ailén, wadda ta kafa zaman, ta tambaye shi me yake so mu yi.

"Ku raka ni kawai. Kada wanda ya zo da ƙwai, don Allah."

Muka yi alkawari. Ranar jarabawar, muka zauna da shi a baranda tun safe. Ina ta zuba masa labarin karen maƙwabcinmu, labarin da ba kai ba gindi. Da aka kira sunansa ya dubi ƙofar baya, ya daɗe yana dubanta.

"Dogo, ko ta ina ka fita, nan za ka same mu," in ji Ailén.

Ya shiga. Minti arba'in ina ta kai-komo a baranda kamar ni ake yi wa tambayoyin.

Ya fito yana dariya, idonsa jawur. Ya ci. Muka rungume shi. A bakin titi wata yarinya na tsaye fari fat da fulawa, danginta na tafi. Lisandro ya dube ta, ya dubi rigarsa tsaf.

"Wai da gaske ko ɗaya ba ku kawo ba?"

"Kai fa ka hana," na ce.

Ailén ta buɗe jakarta ta ciro ƙwai, ta ƙwala masa a goshi. Bai zuba ba.

"Ke, wannan ai dafaffe ne!"

"Shida na dafa, har da gishiri," ta ce tana ɓare shi. "Da ba ka ci ba, da abincin rana kawai na kawo."