Ɗan Farin Saude

Da sammaci ya iso wa Alhaji Labbo a Anka, kafin ya nemi lauya, sai da ya fara kiran Tasi'u. Alhaji dillalin dutsen zinari ne. Shi ya riƙa raba wa matan wani ƙauye da ke bayan Dareta buhunan dutse suna dakawa a tsakar gida, a turmin da suke daka hatsi. Ƙurar ta shiga tuwo, ta shiga cikin yara, gubar dalma ta kwashe su cikin 'yan watanni. Yanzu wata ƙungiya daga Abuja ta ɗauko lauya 'yar Legas, ta maka shi a babbar kotun Gusau.

Tasi'u mutumin Gummi ne, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, sana'arsa yanzu wanke sunan manya. Ba ya tambayar ko ka aikata, ko kusa. Yana da murya mai daɗi da farar shadda da ba ta taɓa yamutsewa, kuma na rantse ban taɓa ganin mutum mai ladabin gaisuwa da mugun ciki irinsa ba. Kafin wata ya zagayo ya sa an haƙa bohol a ƙauyen da sunan Alhaji, an raba gero, mawaƙa suna kiran Labbo gatan marayu. Iyayen da suka yi alkawarin ba da shaida suka fara zamewa, wannan ya ce ya bar wa Allah, wancan ya ce gona ta riƙe shi.

Saura mace ɗaya, Saude. Mijinta ya rasu a ramin haƙar zinari, tana zaune gidan surukarta Inna Habsu. Ɗanta Abdulbasit shi ne yaron da ya fara mutuwa, kuma da kunnenta ta ji Alhaji yana cewa ƙurar nan ba ta komai, lokacin da ta nuna masa yaron yana fisge-fisge. An kai mata gero ta mayar. Alhaji ya daina barci, domin muddin ta buɗe baki a Gusau, kashinsa ya bushe.

Tasi'u ya je da kansa yi mata gaisuwa. Ya zauna a zaure yana sauraronta daga bayan zana, sai ya lura da wani abu. Duk tsawon hirar ba ta kama sunan yaron ba. Sai ta ce "wancan", ko "yaron su Inna".

"Ɗan hwari na?" ya tambayi Inna Habsu a hankali.

"Awo, ɗan hwarinta na," in ji tsohuwar. "Har yab bar duniya ba ta taɓa kiran sunanai ba. Ɗiyar mutunci ta."

Tasi'u ya gyaɗa kai. Shi ma ɗan fari ne, ya tsufa bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta aiko ƙanwarta ta duba shi. Ya san nauyin wannan kunya ciki da bai. Daɗi ya kama shi har ya ƙara wa tsohuwar goro.

Ranar buɗe bohol aka tara gari kaf. Tasi'u ya zo da mai ɗaukar bidiyo, ya ce za a ji koken kowa a kai wa gwamnati. Ya sa aka shimfiɗa wa Inna Habsu da dattawan dangin mijin Saude tabarma a sahun gaba, sannan ya sa aka kira Saude, ya kara mata abin magana a baki.

"Baiwar Allah, an ce kin rasa yaro. Mi as sunanai?"

Saude ta dubi surukarta, ta sunkuyar da kai.

"Ba ki san sunanai ba? To ɗanki na kuwa?"

"Na su Inna na," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ashe ba naki na ba?"

Mata suka kwashe da dariya, don sun ɗauka zolaya ce irin wadda ake yi wa uwar ɗan fari. Saude ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma dariyar kunya ta kuɓuce mata, hawaye na bin bayanta. Mai bidiyo ya riga ya kashe na'ura kafin hawayen su sauko.

Kowa a Zamfara ya san abin da ya faru a wurin, amma ba don mutanen Zamfara aka ɗauki hoton ba. Tasi'u ya sa aka rubuta fassarar Turanci a ƙasa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya aika wa jaridun kudu da masu ɗaukar nauyin ƙarar a Abuja. Ga babbar mai shaida, ba ta san sunan mamacin ba, ta ce ba ɗanta ba ne, tana dariya. Tafintan lauyar ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Lauyar ta ce ta yarda da shi, amma an bugo mata waya daga sama a cire matar daga cikin shaidu.

Babu wanda ya tuna ya sanar da Saude. Ranar tafiya Gusau ta hau acaɓa da sassafe ta iso Anka, bakin masaukin lauyar inda motar zuwa kotu ke jira. Tasi'u na tsaye a ƙetaren titi ƙarƙashin dalbejiya, ya zo ganin ƙarshen aikinsa. Ya ga tafintan ya tare ta yana magana yana kauda ido. Ya ga ta tsaya cak.

"Don ban hwaɗi sunanai ba?" ta ce da ƙarfi. "To ku tsaya in hwaɗi! Ni na haihe shi! Abdulbasit! Sunanai Abdulbasit!"

Sunan ya fito mata a karkace, kamar mai koyon magana. Direba ya tayar da mota. Ta bi ta da gudu, mayafi da ɗankwali suka faɗi, tana ta kiran yaron a tsakiyar titi. Wasu mata 'yan ƙauyensu da suka zo sayar da nono da hatsi suka tsaya, ɗaya ta riƙe baki.

"Ɗan hwari taka kira haka bainar jama'a? Wagga ta zare."

"Bari mu koma gida Inna Habsu ta ji," in ji ɗayar.

Tasi'u ya ji wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, ya jira har ya wuce. Sannan ya zaro wayarsa, ya saita ta a kan Saude da ke durƙushe a ƙasa, kai ba ɗankwali, tana maimaita sunan. Ya matso kusa don muryar ta fito sosai. Idan wata rana ƙungiyar ta sake shawara ta dawo neman matar, zai nuna musu cewa mahaukaciya ce.