Ranar da Gamsheƙa Ta Rufe Mini Baki

Ni Lukmanu, a shekarun da Nasara ba su iso ƙasarmu ba, babu fatake masu bi ta Illela zuwa Ƙonni da ba su san muryata ba. Maganin maciji nake talla, ina rantsuwa cewa dafi bai taɓa kama ni ba. Gaskiya ne kuwa, don maciji bai taɓa sarana ba.

Wata hantsi ina ɗaga damin gero a gonar wana Isma'ila, wajen Gidan Katta, sai gamsheƙa ta dalle ni a hannu. Zafin bai kai na kunama ba. Na tauna saiwar maganina, na ce wa masu girbi, "Kun gani ko?"

Kafin azahar fatar idona ta yi nauyi. Isma'ila ya zama biyu a idona. Na buɗe baki zan yi bayani, harshe ya ƙi, miyau ya dalalo mini a gemu.

Goggo Kubra, wata Bafillata mai tallar nono, ta sauke ƙwaryarta. Ta sha ganin haka a wajen makiyaya.

"Mi kuke ba shi?" in ji ta.

"Jiƙon maganinshi, Goggo," in ji Isma'ila.

"Wanda bai iya haɗiye miyau? Kuna son ku shaƙe shi? Ku kwantar da shi bisa haƙarƙari, kar ya motsa."

Ta sa aka ɗaure hannuna da kara, tana share mini baki da gefen zanenta, idonta a kan ƙirjina. Da numfashina ya yi ƙasa, ta ce Isma'ila ya toshe mini hanci ya hura mini iska a baki. Ya ci albasa da safe. Ban da halin ƙorafi.

Abin da ba su sani ba, kunnena garau yake. Ina ji wani yana cewa ai na tafi, wani na cewa yau Illela ta huta da surutu. Babu wanda ya musa.

Kwana biyu suna karɓa-karɓa wajen hura mini iska. A na uku idona ya buɗe, Goggo ta ce in haɗiye miyau ta gani. Na haɗiye. Ta miƙo mini ludayin fura, rabi ya shiga, rabi ya bi rigata.

"Sannu, malam," ta ce. "Ƙara."