Agogo Biyu, Tauraro Ɗaya

Dakta ta ture kofin shayin da ya huce, ta sake jera layuka biyu na sakamakon awonta a allon kwamfuta. Sun ƙi jituwa. Da la'asar kwamiti zai zauna, kuma shugaban sashe ya gaya mata ƙarara cewa in ba ta zo da hujja ba, za a ba wasu lokacinta na na'urorin hangen sama.

Tauraron da take bincike a kansa ragowar wani mataccen tauraro ne, dunƙulalle, mai juyi sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, yana zuƙar iskar maƙwabcinsa. Ga shi ɗan rigima, yanzu ya haska, an jima ya yi lakwas. Mijinta kan kira shi babban ɗansu, tunda ya fi yaran gidan cin lokacinta.

Ta daɗe tana cewa duk sanda haskensa mai ratsa jiki, irin na hoton ƙashi a asibiti, ya dushe, siginarsa ta rediyo takan tashi. Wani kumbo a sararin samaniya ya auno hasken, wani ƙaton faranti a ƙasa ya kamo siginar, amma sakamakon ya watsa mata ƙasa a ido. Tsoro ya kama ta sosai.

Abokin aikinta, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gardama, ya leƙo ya ce ta haƙura, ai lissafin mutanen kumbo ba ya kuskure. Kullum sukan gyara lokacinsu ya koma kamar daga cibiyar ranar da duniya ke zagayawa aka auna shi, saboda duniya ba ta zama wuri ɗaya.

"Su kuma mutanen faranti fa?" in ji ta.

 Ta danna waya ta kira su.

"Mu agogon ƙasa muke bi, Dakta," in ji mai kula da farantin. "Ashe ba ku kuke gyarawa ba?"

Kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi. Ta matsar da layi ɗaya da 'yan mintuna, sai ga su sun shige juna kamar haƙoran zif: nan ya faɗi, can ya tashi, har ƙarshen allon. Daɗi ya sa ta dariya har da hawaye. Sarkin Gardama ya ɗauki kwamfutar ya bi ta a baya zuwa wajen kwamiti.

Shugaban sashe ya daɗe yana kallon allon, sannan ya cire tabarau.

"Awa nawa kike so a baɗi?"

Ta ja kujera ta zauna.

"Duka, ranka ya daɗe."