Baƙin Malum

Ƙanena Lukmanu ya dawo daga Yawunde da takalmi mai tsini da Faransanci cike da baki, ya ce shi ya wuce sayar da kanwa da goro. Ya kama shago jikin nawa, kusa da babbar kasuwar Garuwa, ya sa aka zana masa giwa a allo, giwar da duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaya ko jaki ne ya kumbura. A ƙarƙashinta aka rubuta cewa ana kai baƙi kallon namun daji a ƙasa uku, Kamaru da Cadi da Najeriya. Wannan fa mutumin da ko karen maƙwabta ya yi haushi sai an nemo shi a bayan randa.

Mahaifinmu, Malum Sulaimanu, maigidan fatake ne, kamar yadda ubansa ya yi tun da ya zo daga ƙasar Kano. Falke ya sauka a gidanmu, ya ci tuwonmu, to ya zama na Malum. Idan ya yi ɓarna Malum za a kama, idan aka cuce shi Malum ne zai tsaya masa. A shingen kan iyakar Kamaru da Cadi, can bayan Figil a hanyar Lere, Baba ba ya ko sauka daga mota. Gaston, shugaban shingen, wanda ya yi furfura a wurin, shi yake tasowa ya leƙo taga ya gaishe shi. Idan akwai sabuwar fuska a motar, Baba ya ce, "Baƙona ne," sai a ɗaga sanda. Bai taɓa faɗin haka a kan mutumin banza ba, shi ya sa maganar take da nauyi. Katin shaidarsa ya mutu tun ina budurwa, bai sabunta ba, domin babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Wannan hanyar ita ce rayuwar Baba a lokacin, ba don kanwa ba. Gwaggo Halime, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage masa, aure ya kai ta Lere a cikin Cadi, kuma ciwo ya kwantar da ita. Duk mako yana zuwa ya zauna a bakin gadonta. Ta sa ya yi mata alkawari cewa idan ta riga shi, shi zai sa ta a kabari da hannunsa.

Lukmanu ya daɗe yana korar ƙuda a shagonsa kafin Allah ya jefo masa wasu tsofaffin nasaru mata guda biyu daga Faransa, Angèle da Micheline. Ta intanet suka same shi. Ya bugo wasiƙarsu a takarda ya shigo shagona yana karantawa da ƙarfi don masu sayen zane su ji. Matan sun yi tambayoyi na masu hankali. Shin sai sun nemi bizar Cadi da ta Najeriya? Bizar Kamaru da suka samu ta shiga sau ɗaya ce, idan suka fita za su iya dawowa da ita? Jirgin komawa fa, wace rana ya kamata su kama?

"Me ka ce musu?" na tambaye shi.

"Pas de problème, Adda."

"Ka tambayi wani?"

"Wa zan tambaya? Sau nawa muka je Lere, kin taɓa ganin biza da idonki? Iyaka ai ƙofar gidanmu ce."

Ni ban san biza ba, gaskiya, amma na san Lukmanu. Tun yana yaro, idan ya ce babu matsala, to a fara neman tsintsiya da abin kwashe fasasshen kwano.

Maganar jirgi ma haka ya yi ta. Ya yanka musu tikitin yamma daga Garuwa zuwa Duwala a ranar da za su dawo daga Lere, don su tarar da babban jirgin ƙasarsu. Na ce masa hanyar Figil ba ta da tabbas, ya bar musu kwana tsakani mana. Ya yi min irin dariyar da ake yi wa ƙauyawa, ya ce jirgin Garuwa tun da aka haife shi bai taɓa tashi kan lokaci ba, ko sun makara za su tarar da shi yana jiran mai.

Matan suka iso, jajaye, da huluna masu faɗi, kowace da na'urar hangen nesa a wuya. A dajin Binuwai sun ga dorina da raƙumin dawa, wannan kuma ba ƙoƙarin Lukmanu ba ne, dabbobin can suke tun kafin a haife shi. Najeriyar tasa kuwa, kwalekwale ya sa su ya tsallaka da su wani ƙauyen masunta inda ba wanda yake tambayar kowa komai, ya saya musu lemo mai ɗumi, ya ce ga Najeriya. Suka ɗauki hoton akuya suka dawo suna murna.

Saura Cadi, inda ya yi musu alkawarin ganin ayu a tafkin Lere. Ana gobe tafiya sai ya kawo su gidanmu cin abincin rana. Na ɗauka karamci ne, ashe tarko ne. Suka zauna a tabarmar zaure suka ci tuwo da miyar kuka, Micheline tana lasar yatsa tana yabawa. Suna wanke hannu ya matsa kusa da Baba.

"Baba, gobe ai za ka wajen Gwaggo. Mu tafi mota ɗaya. Sun ci tuwonka, baƙinka ne yanzu."

Baba ya dube shi. "Takardunsu fa?"

"Komai réglé, Baba, an gama komai. Gaisuwa kawai za a yi a shinge."

Baba ya dubi kwanon da suka ci. Na san abin da yake aunawa. A wurinsa wanda ya ci tuwon gidan ba a ce masa ba nawa ba ne, ko bamaguje ne ko banasare. Lukmanu ya san haka sarai, shi ya sa ya fara da tuwon kafin ya yi magana.

Na bi su don in kai wa Gwaggo magani. A shinge Gaston ya taso kamar kullum, ya gai da Baba da Fillanci.

"Jam na, Malum?"

"Jam, Gaston. Ya iyali?"

Gaston ya leƙa baya, ya ga huluna biyu da jajayen fuskoki, murmushinsa ya ragu. Angèle har ta zaro fasfo tana miƙawa, Lukmanu ya danne mata hannu, wai a nan ba a yin haka, raini ne.

"Malum, waɗannan fa?"

"Baƙina ne."

Gaston ya dubi Baba. Sannan ya juya ya ɗaga sandar da kansa. A ɓangaren Cadi ma haka aka yi, domin su ma sun san motar. Lukmanu ya waigo yana gaya wa matan da Faransanci cewa sun gani, a Afirka suna ya fi hatimi. Da ba don Baba yana motar ba da na kwaɗa masa robar maganin a ƙeya.

Ayu bai fito ba, shi ya fi su wayo. Abin da ya fito jandarmomi ne masu sintiri, baƙi daga wani gari, waɗanda ba su taɓa jin sunan Malum Sulaimanu ba. Muna gidan Gwaggo, Baba yana ba ta kunu da cokali, sai ga Lukmanu ya faɗo ba ko sallama, takalmin nan ya sha taɓo. An kama nasaru a bakin tafki, babu bizar Cadi, babu hatimin shiga. Da aka tambaye su yadda suka shigo, suka faɗi gaskiya, domin ba su san akwai abin ɓoyewa ba. Wani dattijo ne ya ce su baƙinsa ne.

Washegari aka rako su kan iyaka aka buga musu hatimin kora. Yanzu a rubuce sun fita daga Kamaru, bizarsu kuwa ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare. Cadi ta koro su, Kamaru ba ta da ikon karɓarsu. Suka zauna a benci ƙarƙashin bishiyar maina tsakanin sanduna biyu, Micheline tana kuka, Angèle tana zagin Lukmanu da irin Faransancin da bai koyo a Yawunde ba. Baba ya ƙi tafiya ya bar su, ya zauna a ƙasa kusa da bencin, ya aika aka sayo musu ruwa da burodi. Jirgin Garuwa kuma, ranar nan ce ya ga dama ya tashi kan lokaci.

Sai da aka yi ta buge-bugen waya tsakanin manya kafin aka sake su. Manya ba sa ɗaga waya a banza, dole wani ya biya. Aka cire Gaston aka jefa shi wani daji can kudu, saura kaɗan ya yi ritaya. Baba ya je har gidansa ba shi haƙuri, ya tarar ana loda katifu a mota. Gaston bai zage shi ba, ya dai ce, "Malum, kai ka ce naka ne." Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Lukmanu kuwa yana shago yana gaya wa mutane cewa laifin matan ne da suka cika surutu, kuma badi zai ƙara ƙasa ta huɗu.

Ba a daɗe ba, wata safiya aka bugo waya daga Lere, Gwaggo Halime ta cika. Aka ce za a jira Malum zuwa azahar, zafin garin ba zai bari a wuce haka ba. Muka kama hanya, ni da Baba, Lukmanu yana tuƙi.

Sabon shugaban shingen matashi ne, bai taso ba. Ya aiko a ce kowa ya sauko. Baba ya sauko, abin da ban taɓa gani ba a wurin. Aka karɓi katina da na Lukmanu, sababbi ne, aka mayar mana. Matashin ya juya na Baba gaba da baya.

"Papa, wannan ya mutu tun tuni."

"Ni ne Malum Sulaimanu. Ƙanwata ce ta rasu a Lere, ana jirana."

"Ah, kai ne mai nasarun." Ya ajiye katin a tebur. "Saboda kai aka kori wanda na gada. Kana so ni ma a kore ni? Babu mai wucewa nan da suna."

Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Fillanci, na durƙusa har ƙasa. Lukmanu ya gyara wuyan riga ya fara zuba Faransanci, mutumin ya ce idan ya ƙara kalma ɗaya shi ma zai zauna. Nan take bakin ya mutu. Baba bai roƙa ba. Ya dubi rana, ya dubi Lukmanu, ya ce, "Tafi. Kada su jira."

Haka Lukmanu ya wuce da katinsa mai kyalli, ni kuma na tsaya da Baba, muka zauna a wani benci muna hangen wanda nasarun suka zauna a kai. Aka kira azahar a wani masallaci can ƙetare, muna ji. Baba ya yi alwala da ruwan robata ya yi salla a gefen hanya, ya daɗe a zaune bayan ya sallame, yana fuskantar hanyar Lere maimakon alƙibla. Ban taɓa tsanar mutum yadda na tsani ɗan'uwana a wannan zaman ba.

La'asar sakaliya ya dawo, fuska a sake kamar wanda ya je ɗaurin aure.

"An yi lafiya, Baba. Jama'a ta taru sosai. Na wakilce ka."

"Wa ya sa ta a kabari?"

"Ni da maƙwabta. Ni na shiga ramin ma."

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin nan mai tsini, wanda jar ƙasar maƙabarta ta manne masa har gefe. Ya sauko daga bencin a hankali, ya durƙusa gaban ɗansa, ya zaro hankicinsa ya shimfiɗa, ya shiga kankare ƙasar da yatsa yana tarawa a ciki.

Lukmanu ya ja ƙafa baya yana dariyar kunya. "Haba Baba, bar shi mana. Idan mun isa Garuwa zan ba mai goge takalmi."

Baba ya riƙe ƙafar da hannu ɗaya har ya gama. Ya ƙulle hankicin, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya shiga bayan mota ya zauna.