Zumar Malam Abdulkabir

Tun da likita ya ce mahaifinta na da ciwon suga, Tahira ta karɓe girkinsa. Ta raba shi da farar shinkafa, kullum sai tuwon alkama da miyar zogale. Ko ƙwayar suga ba ta bari a gidan ba. Amma da suka koma asibiti a Tsanyawa, nas ta soki yatsansa, ta duba na'ura, sai ta ɓata fuska.

"Baba, sugan nan ƙara hawa ya yi. Ga gyambon ƙafarka ya ƙi warkewa. Me kake ci?"

Malam Abdulkabir ya gyara zama. "Wallahi, 'yata, rabona da suga tun kafin shuka. Shayi ma da zuma nake sha."

Tahira ta juyo da sauri. "Wace zuma kuma, Baba?"

"Wadda ɗalibaina ke kawo mini zaure. Ai waraka ce."

Takaici ya kama ta. Duk wahalar niƙa da tankaɗen da take sha, ashe a zaure ake warware mata aiki.

Nas ta wanke gyambon, ta yi masa bayani a hankali cewa zuma ma tana ɗaga sugan jini. Malam ya gyaɗa kai kamar ya gamsu.

Sai da suka shiga mota ya matso kusa da ita. "To, dabino fa? Ai ba ta ambaci dabino ba."

Tahira ta mai da fuskarta taga.