Babura a Cikin Yashi

"Na ce ki zubar da yashin nan, Malama! Karatu na kawo ta, ba wasan ƙasa ba."

Isiyaku ke nan, tsaye a tsakiyar ajin Malama Bushira, ko takalmi bai cire ba. Ajin nan kuwa ya sha gulma a bakin famfunan Birnin Gwari: babu bulala, babu rera haruffa, kowane yaro da 'yar tabarmarsa, shi zai zaɓi aikinsa. Wani na tsintar wake cikin tsakuwa, wata na ɗura ruwa a kwalba, ba mai ce musu su yi sauri.

"Rage murya, Baban Adawiyya," in ji Bushira. "Yara na aiki."

"Aiki! Wannan ne aikin?"

Ya nuna farantin yashin da 'yarsa ta duƙufa a kai. Tun da aka sako Adawiyya da uwarta daga daji bayan harin Kakangi, yarinyar ba ta ƙara cewa uffan ba. Da ta zo ajin, yashi ta zaɓa, Bushira ta ƙyale ta. Kullum sai ta kafa tsinkayen tsintsiya su zama itatuwa, ta jera marafan kwalba su zama babura, ta kifa ƙoƙo a kan ƙwayar wake biyu, babba da ƙarama.

Jiya sai ta ɗaura wa wani murfi jan zare, ta aza masa gutsuren burodi, ta tura shi cikin itatuwan. Ta ɗago ta ce, "Baffa Ladan."

Murna ta kwashi Bushira har bakin ƙofa, wajen Hajjo mai ƙosai. "Ta yi magana!"

"Iye? Me ta ce?"

Ita kuwa ta faɗa. A ce Hajjo! Kafin man ƙosanta ya huce, zancen ya kai tasha. Sai daga baya Bushira ta tuna cewa Ladan ƙanin Isiyaku ne, ɗan acaba mai ɗaura jan ƙyalle a wuya.

"Kin san abin da 'yan sa-kai ke yi wa mai kai wa mutanen daji burodi?" Yanzu muryar Isiyaku ta koma raɗa. "Ba shi kaɗai za su ɗauka ba. Gida ɗaya muke kwana."

"Laifina ne, ba nata ba. Sai yanzu bakinta ya fara buɗewa, don Allah ka bar ta ta ƙarasa a hankali."

"Ta ƙarasa? Gara ta zauna bebiya da ta zama marainiya."

Wani babur ya tsaya a waje, aka kashe injin. Bushira ta ji Hajjo na gaisawa da maza.

Adawiyya ba ta kula ba. Ta zaɓi wani murfin, ta ajiye shi bayan mai jan zaren, babur na biyu ke nan, ta gyara masa zama. Sannan ta ɗago, ta ƙura wa ubanta ido, ta buɗe baki.

Tafin hannunsa ya riga ta, ya toshe mata baki. Ya sa ƙafa ya kifar da farantin, ya saɓa Adawiyya a kafaɗa, ya nufi ƙofar baya, ya buga ta da ƙarfi, garam!

Yaran duka suka kwanta rubda-ciki, hannu a kan ƙeya, shiru. Wannan kam ba Bushira ce ta koya musu ba.